Dokar yafiyar gine-gine ta Turkiyya da abin da girgizar ƙasa ta tona

A watan Mayun 2018, ana dab da zaɓe, majalisar dokokin Turkiyya ta amince da doka mai lamba 7143, wadda ta yi yafiya ga ginin da aka yi ba da izini ba, ko aka saɓa wa zanen da hukuma ta sa wa hannu, matuƙar an gina shi kafin ƙarshen 2017. Kafin a rufe karɓar rajista a 2019, mai gida ne da kansa yake bayyana gininsa ta intanet, ya biya kashi 3 cikin 100 na darajarsa idan gidan zama ne, ko kashi 5 idan na kasuwanci ne, daga nan a ba shi takardar rajista, a soke tara da umurnin rushewa da ke kansa, a kuma halatta masa jan ruwa da lantarki.

Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar ba ta wajabta wani injiniya ya je ya auna siminti da rodin da aka zuba ba, sai ta faɗa ƙarara cewa jure wa girgizar ƙasa alhaki ne da ke wuyan mai ginin. Saboda haka wanda ya ɗora ƙarin hawa a kan harsashin da ba a haƙa domin wannan nauyi ba, ko ya sare ginshiƙin ƙasa don shagonsa ya faɗaɗa, yana iya riƙe takardar hukuma a hannu alhali ginin yana nan da rauninsa, masu haya kuwa ba su da labari.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa kudancin ƙasar, fiye da mutum 50,000 suka rasu, tsakiyar birnin Antakya ta zama kufai. Ba duk ginin da ya faɗi ne ya ci yafiyar ba, amma a ganina hukumar da ta karɓi kuɗi ba tare da dubawa ba tana da nata kason alhakin.

Domin hanzarta sake gini, a Nuwamban 2023 aka gyara doka mai lamba 6306 ta 2012, wato dokar sabunta gine-gine a yankunan da ke fuskantar haɗarin bala'i. Yanzu rinjayen da ya haura rabi na masu mallaka ya isa a yanke shawarar sabunta gini, maimakon kashi biyu cikin uku, kuma gwamnati tana iya keɓe unguwa sukutum don sabon tsari, abin da ya sa talakawan tsakiyar gari fargabar rasa fegin da suka gada.

Mu a Yamai ambaliya ce barazanarmu, kamar yadda mutanen unguwannin Lamorde da Karaje da Saga suka gani a daminar 2020. Duk lokacin da aka taso da batun daidaita takardun gidajen da aka gina a hanyar ruwa, ya kamata ma'aikatar magajin gari ta fara aika ma'aikatanta su duba fili da harsashi kafin a buga hatimi.