Waiwaye: Yadda aka gano hanyar da zuciya ke karɓar saƙo

Idan mutum ya firgita, nan take zuciyarsa ke fara dukan uku-uku. Sinadarin adirenalin ne ya kawo saƙon, amma shi kansa ba ya shiga cikin ƙwayoyin tsokar zuciya, a jikin fatarsu yake tsayawa. To wa ke karɓa ya isar da shi ciki? Sama da shekara 100 masana suka kwashe suna bin wannan tambaya.

A 1905 John Langley na jami'ar Kambirij ya ce dole akwai wani abu a jikin ƙwayar halitta da ke karɓar saƙon sinadarai. Ba wanda ya taɓa ganin abin, don haka da yawa suka ɗauke shi hasashe. A 1948 Raymond Ahlquist, a jihar Jojiya ta Amurka, ya gwada sinadarai shida dangin adirenalin, ya ga makarɓan saƙon iri biyu ne: alfa, masu matse jijiyoyin jini, da beta, masu zaburar da zuciya. Mujallar da ya fara kai wa aikin ta ƙi bugawa, bayan ya fito a wata kuma aka yi shekaru ba a kula shi ba. Wannan sakaci yana ba ni takaici, domin da aikin nan James Black ya dogara a kamfanin ICI na Ingila har ya samar da propranolol a 1964, maganin da ke toshe makarɓan beta ya sassauta wa mai ciwon ƙirji.

An yi maganin tun ba a ga makarɓin ba. Sai a 1986 Robert Lefkowitz da Brian Kobilka da abokan aikinsu suka gano ƙwayar gadon da ke gina shi, suka ga furotin ne mai ratsa fatar ƙwayar halitta sau bakwai. A 2011 Kobilka ya fito da siffarsa daidai lokacin da yake miƙa saƙo ga furotin G, wanda ke isar da saƙon cikin ƙwayar, shekara ɗaya bayan haka shi da Lefkowitz suka karɓi kyautar Nobel.

Jijiyoyin jini kuwa nasu labarin ya bi ta hannun Robert Furchgott. A 1980 ya nuna cewa babbar jijiyar jinin zomo ba ta saki da asetilkolin, sinadarin da ya saba sa ta saki, idan an goge siririn shimfiɗin da ke cikinta, ko da bisa kuskure wajen yankawa. Ashe shimfiɗin ne ke karɓar saƙon, ya fitar da iskar naitirik okisaid, ita ta sa tsokar jijiyar ta saki.

Inda binciken ya fi burge ni shi ne kan raunin zuciya. Likitoci sun daɗe suna hana masu wannan ciwo maganin toshe beta, a ganinsu zuciyar da ta gaji zaburarwa take buƙata. A 1975 Finn Waagstein da abokansa a Suwidin suka ba wasu majinyata kaɗan maganin, suka ga sauƙi, amma ba a yarda da su ba. A 1982 aka nuna cewa makarɓan beta sun ragu a zuciya mai rauni: yawan saƙon adirenalin ne ke gallabarta, kamar dokin da ya gaji ana ƙara masa bulala. Manyan gwaje-gwajen da aka buga a 1999 kan bisoprolol da metoprolol, magungunan toshe beta, sun nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, muddin an fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali.