Riƙo da son abin duniya: me Kirista zai saki?

Me ya haɗa riƙo da son abin duniya?

Sau da yawa tushensu ɗaya. Bi sawun gabar da ke tsakanin 'yan'uwa a coci, za ka tarar da gona, ko fili, ko bashi a ƙarƙashi. A Luka 12:13, wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Yesu bai zauna rabon gado ba. Ya ja musu kunne a kan kwaɗayi, ya kawo misalin attajirin da ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, amma a daren nan aka karɓi ransa.

Na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka yi shekara 9 ba gaisuwa saboda bishiyar ɗorawa guda a kan iyakar gona. Ranar jibin Ubangiji, gurasa ɗaya suke ci, amma in an tashi kowa da ƙofar da yake fita. Abin yana ci mini rai har yau.

Ke nan Kirista ya guji dukiya?

A'a. Abin da 1 Timoti 6:10 ya kira tushen mugunta shi ne son kuɗi. Lidiya 'yar kasuwa ce, kuma gidanta ya zama masaukin Bulus a Filibi. Ka riƙe dukiya a hannu, kada ta shiga zuciya.

Sau nawa zan yafe?

Bitrus ya yi wannan tambayar a Matiyu 18, yana ganin sau 7 ma ya yi ƙoƙari. Yesu ya ture lissafin, ya ba da labarin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000. Dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini ne, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000. Bashi ne da ko jikokinsa ba za su iya biya ba. Da fitarsa sai ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan dinari 100. Dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne, ladan wata uku ne da 'yan kwanaki, wato an taɓa shi da gaske. Amma ya manta abin da aka ɗauke masa.

In wanda ya cuce ni bai tuba ba fa?

Nan ne wuyar take. Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara duwatsu na sauka a kansa. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, kusa da Mubi, dubban mambobi suka rasa 'yan'uwa da gidaje, amma ikilisiyar ba ta sauka daga koyarwarta ta ƙin ramuwa ba. Yafewa ba ta hana hukuma aikinta, ba ta kuma tilasta wa matar da ake duka ta koma inda za a kashe ta. Ramuwar ce kake miƙa wa Allah, yadda Romawa 12:19 ta faɗa.

Ta ina zan fara?

Matiyu 5:23-24 ya ce ka ajiye baikonka, ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka. Zumunci a ƙafa yake. In ba za ka iya zuwa kai kaɗai ba, nemi dattijo ɗaya na ikilisiya ya raka ka, ku tafi kafin Lahadi mai zuwa.