Kognitif disonans: ba munafunci ba ne, ba kuma borin kunya ba

Tun da gari ya waye ranar 25 ga Satumban 2025 aka ga duniya tana nan daram, kalmar kognitif disonans ta samu gindin zama a bakin 'yan boko. Wani mai wa'azi ɗan Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, shi ne ya ce an nuna masa cewa tsakanin 23 da 24 ga watan za a ɗauke masu bi zuwa sama, abin da Kiristoci ke kira fyaucewa. Maganar ta karaɗe TikTok. Ranar ta zo ta wuce, sai aka ce ai da tsohuwar kalandar Juliyan ya kamata a yi lissafin, wadda ke bayan tamu da kwana 13, aka ɗage zuwa Oktoba. Ita ma ta zo ta wuce. Masu sharhi suka yi caa, kowa yana ambaton kalmar, kuma a nan ba su kauce hanya sosai ba. Ɓarnar ta fara ne da kalmar ta tsallaka fagen siyasa. Ɗan majalisa ya sauya sheƙa, kognitif disonans. Minista ya yi amai ya lashe, kognitif disonans. Abokin gardamarka a Facebook ya ƙi sallama maka, shi ma ka liƙa masa. Ta koma zagi kawai, irin wanda mai yinsa ke son a san ya yi karatu.

Disonans asalinta kalmar makaɗa ce mai tushe a Latin: sauti biyu da suka tashi tare ba su jitu ba, kamar tsirkiya biyu da ba a daidaita su ba. Kognitif kuma tana nufin abin da mutum ya sani ko ya gaskata. In an haɗa, ana nufin ƙuncin da ke kama mutum idan abubuwa biyu da ya riƙe a matsayin gaskiya suka ci karo a cikin kansa. Ni karon tunani nake ce masa. Abin da masu jifa da kalmar ba sa lura da shi shi ne, sunan zafin ne, ba sunan dabarar da mutum ya yi don ya rabu da zafin ba. Munafuki kuwa ba ya jin wannan zafi ko kaɗan, ya san ƙarya yake yi, barcinsa yake sha har da minshari. Borin kunya ma daban ne, domin don idon jama'a ake yinsa, shi ya sa aka ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Karon tunani kuwa, mai gaskiya yake kamawa, wanda ya ba da zuciyarsa duka, kuma ko shi kaɗai ne a ɗaki ba zai bar shi ya sarara ba.

Wanda ya raɗa wa abin suna shi ne Leon Festinger, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, kuma a gidan masu jiran tashin duniya aka fara gwada ra'ayin nasa. A 1954 wata matar aure a yankin Chicago, Dorothy Martin, ta ce wasu halittu daga wata duniya mai suna Kilariyon suna aiko mata saƙo, hannunta ke rubutawa da kansa. Saƙon ya ce ranar 21 ga Disamba ambaliya za ta cinye babban ɓangaren ƙasar, amma jirgin sararin samaniya zai zo da tsakar dare ya kwashe waɗanda suka gaskata. Festinger da abokan aikinsa biyu, Henry Riecken da Stanley Schachter, suka kutsa cikin ƙungiyar tare da wasu da suka ɗauka aiki, suna nuna su ma mabiya ne.

Daren ya zo, aka taru a falon matar. An ce musu kada kowa ya hau jirgi da ƙarfe a jikinsa, don haka aka bi tufafi ana yanke zif, ana cire maɓallai da duk wani abu na ƙarfe. Aka zauna ana kallon agogo. Agogo ɗaya ya wuce sha biyu da minti biyar, babu kowa a ƙofa. Sai wani ya nuna ɗaya agogon da ke ɗakin, wanda bai kai sha biyu ba tukuna, nan take aka yi ittifaƙi cewa shi ne daidai. Shi ma ya buga sha biyu. Shiru. Wajen ƙarfe huɗu matar ta fashe da kuka. Da ƙarfe 4:45 na asuba sabon saƙo ya sauko: 'yar ƙungiyar nan da ta kwana a zaune ta watsa haske mai yawa har Ubangiji ya fasa halaka duniya. Mutum ɗaya ya ɗauki hularsa ya fice. Sauran kuwa murna ta ɓarke, aka shiga kiran 'yan jarida a waya.

Wannan agogo na biyun ya fi komai tsaya mini a rai. In ka cire 'yan leƙen asirin masu binciken, ba wanda ke yaudarar wani a ɗakin. Akwai likita a cikinsu, Charles Laughead, wanda ya rasa aikinsa a wata kwaleji a Michigan saboda wannan aƙida. Wasu sun bar aiki, wasu sun rabar da kayansu, wasu sun ɓata da danginsu. Mutumin da ya ƙona duk hanyar komawa gida, ka ce masa ya yarda da agogon farko, ai ce masa ka yi ya yarda cewa shi ya rusa rayuwarsa a banza. Festinger ya ce sai an cika sharuɗɗa kafin mutum ya ƙara kafewa bayan annabci ya faɗi ƙasa, kuma biyu daga ciki su ne ƙashin bayan zancen: ya zama ya yi sadaukarwar da ba ta warwaruwa, ya kuma zama yana tare da 'yan'uwa masu ƙarfafa masa gwiwa. Mabiyan da suka yi jiran su kaɗai a gidajensu a wannan dare, yawancinsu jikinsu ya yi sanyi, suka watsar.

Gwajin da ya yi a 1959 tare da James Carlsmith ya ƙara raba wannan abu da munafunci. Aka sa ɗalibai aikin gundura na awa guda, juya 'yan ƙusoshin katako a kan allo. Sannan aka roƙe su su gaya wa mai shigowa cewa aikin akwai daɗi. Wasu aka ba su dala 20, wasu dala 1. Da aka tambaye su ra'ayinsu na gaskiya daga baya, 'yan dala 20 suka ce aikin ba daɗi, sun dai faɗa ne don an biya su. 'Yan dala 1 su ne suka fi cewa ai ba laifi, akwai ɗan daɗi. Ladan bai kai ya zama hujjar yin ƙarya ba, sai zuciya ta gyara labarin. Ɗan siyasar da ya koma jam'iyyar da ya zaga jiya saboda an yi masa alkawarin kujera, ɗan dala 20 ne. Bar shi da sunansa na gargajiya.

Sai dai ni kaina ina da ja a kan yadda aka mayar da labarin Chicago kamar doka. Ƙungiyar ƙarama ce ƙwarai, kuma 'yan leƙen asirin masu binciken sun yi yawa a cikinta, har zuwansu ya zama wa mabiyan wata alama cewa saƙon yana karɓuwa. Wa'azin da suka tashi yi bayan daren bai jawo musu sabon mabiyi ba, cikin 'yan makonni suka watse. Masu binciken da suka bi wata ƙungiyar daban a farkon shekarun 1960 ba su ga an tashi wa'azi bayan ranar ta wuce ba. Abin da ya fi maimaituwa a tarihi shi ne a ce abin ya faru, ido ne dai bai gani ba.

Dubi mabiyan William Miller, wani mai wa'azin Kirista ɗan Amurka. Daga lissafin kwana 2,300 na littafin Daniyel, inda suka ɗauki kowane kwana a matsayin shekara, suka tsayar da 22 ga Oktoban 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Dubban mutane suka jira, wasu manoma ko girbi ba su yi ba. Washegari wani daga cikinsu, Hiram Edson, yana ratsa gona sai ya ce an buɗe masa ido: ranar daidai ce, wurin ne aka kuskure, Almasihu ya shiga wuri mafi tsarki ne a haikalin sama don fara shari'a. Daga wannan fassara cocin Adbentis ya tsiro, aka kafa shi a 1863, yau mabiyansa sun haura miliyan 20. Shaidun Jehobah ma sun sa rai a 1914, daga baya koyarwar ta zama cewa a shekarar Almasihu ya fara mulki a sama ba a ganinsa. Harold Camping, mai wa'azi na gidan rediyon Family Radio a Amurka, ya cika tituna da allunan da ke shelar cewa 21 ga Mayun 2011 ce ranar shari'a, da ta wuce ya ce shari'ar ta ruhaniya ce, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. Shi dai a Maris ɗin 2012 ya fito ya ce ya yi kuskure, kuma sa rana zunubi ne. Ba kasafai ake tuna wannan ba, saboda ba ya shiga cikin labarin da ake son bayarwa.

Kada kuma wani ya ɗauka ciwon na addini ɗaya ne. A ranar farko ta shekarar 1400 bayan Hijira, wato 20 ga Nuwamban 1979, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami suna shelar cewa Muhammad al-Ƙahtani ne Mahadi. Aka kashe al-Ƙahtani a cikin faɗan, amma wasunsu suka ƙi yarda ya mutu, suka ci gaba da yaƙi a ɗakunan ƙarƙashin masallacin. Abin mamakin shi ne littattafan da masu sa ranar ke riƙe da su sun riga sun toshe ƙofar: Alƙur'ani ya ce sanin Sa'a yana wurin Allah kaɗai, Matiyu 24:36 ya ce ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani.

Akwai kuma martanin da masu son kalmar ba sa kawowa, wato mabiya su farka su ce a ba su kayansu. A Uganda, ƙungiyar Maido da Dokoki Goma na Allah ta sa mutane sun sayar da gonaki da dabbobi sun miƙa wa shugabanni kuɗin, a kan cewa duniya za ta tashi da ƙarewar 1999. Da sabuwar shekara ta kama, rahotanni suka ce wasu sun fara tambayar dukiyarsu. Shugabannin suka sa sabuwar rana, 17 ga Maris ɗin 2000. A ranar aka rufe ɗaruruwan mutane a cikin majami'arsu a Kanungu, wuta ta cinye su. Da 'yan sanda suka bi sauran gidajen ƙungiyar, sai suka tono wasu ɗaruruwan gawarwaki da aka kashe tun kafin gobarar, jimillar mamatan ta haura 700.