Ƙwararren ɗan golf na kulob

Ƙwararren ɗan golf na kulob shi ne mutumin da wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya zama hanyar cin abincinsa, amma yana zaune a kulob guda. Ya bambanta da masu bin gasa ƙasa-ƙasa, domin kuɗin shigarsa daga koyarwa yake fitowa, da gyaran sanduna, da sayar da kayan wasa. Gasa kuwa sai wadda ta zo kusa.

Asali

Sana'ar ta kafu ne a Sikotland cikin ƙarni na 19, a hannun masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna da masu sassaƙa sandunan. Fitacce a cikinsu shi ne Old Tom Morris, wanda aka ɗauka ya kula da filin Prestwick a 1851, ya koma St Andrews wajen 1864. Gasar Open ta farko a Prestwick aka yi ta a 1860, mutum takwas suka fafata, Morris kuma ya ci ta sau huɗu daga baya. Duk da haka a wancan zamani kallon barori ake yi wa masu wannan sana'a, har kulob da yawa ba sa barinsu shiga zauren mambobi. Sun kafa ƙungiyarsu a Birtaniya a 1901, ta Amurka ta biyo a 1916.

A Arewacin Nijeriya

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan. Ana cewa filin Kano ya fara wajen 1908, na Rayfield a Jos wajen 1913, na Kaduna kuma a 1921. Akwai saɓani kan wanda ya riga.

A Katsina wasan da ya samu gata shi ne ƙwallon dawaki. Sarki Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Golf bai sami irin wannan ɗaurin gindi daga fada ba, ya tsaya wasan manyan ma'aikata da hafsoshin soja da 'yan kasuwa. Shi ya sa Bakatsinen da ke son ya mai da shi sana'a yakan fuskanci Kano, mai nisan kimanin kilomita 170, ko Kaduna.

Ƙarancin ruwa ya sauya kamannin wasan a wannan yanki. A wasu tsofaffin filayen Arewa, kewayen ramin da ake zura ƙwallo ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddale. Kafin ɗan wasa ya gangara ƙwallo, sai an ja abin shara an lallashe yashin tsakanin ƙwallon da ramin. Da hunturu ƙasa kan bushe ƙamas, ƙwallo ta yi ta gudu bayan ta sauka. Da damina kuwa takan tsaya kusan inda ta faɗi. Wanda ya tashi a nan dole ya sake koyon hannu ranar da ya taka koren fili irin na IBB a Abuja.

Hanyar shiga

Ƙwararrun Nijeriya da yawa da ɗaukar jaka suka fara. Yaro ya bi Alhaji ramuka 18 da jaka mai sanduna har 14 a kafaɗa, yana miƙa sanda yana cewa "ranka ya daɗe, wannan ta fi", idonsa na kan yadda ake tsayuwa da riƙo. Da sassafe ko bayan mambobi sun watse sai ya gwada da tsohuwar sandar da wani ya ba shi kyauta. In hannunsa ya faɗa, ya shiga gasar masu ɗaukar jaka, daga nan ta 'yan sha'awa, wato waɗanda ba su mai da wasan sana'a ba, sannan ya nemi cin gwajin ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Nijeriya.

Gasa

Gasar Nigerian Open, wadda aka fara a 1969, a kulob ɗin Ikoyi na Legas aka fi yin ta, kuma a nan 'yan gida suka riƙa gwada ƙwanji da baƙi. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989. A 1981 Peter Tupling ne ya ci, ya kammala ramuka 72 da bugu 255.

Yanzu

Yawancin ƙwararrun 'yan golf na kulob da kuɗin darasi da taimakon mambobi suke riƙe gida.