Filayen yammacin Amurka da rikicin bauta: tambayoyi da amsoshi

Tunda bauta ta daɗe a Amurka, me ya sa rigimarta ta yi ƙamari sai da aka nausa yamma?

Lissafin kujeru ne ya fara jawo ta. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanatoci biyu gare ta a Majalisar Dattawa. A ƙarshen 1819 jihohi 22 ne, 11 na riƙe bayi, 11 sun haramta bauta, don haka duk sabuwar jihar da ta shigo sai ta rinjayar da ɓangare ɗaya.

Sai kuma auduga. Bayan injin gurzar auduga na Eli Whitney a 1793, auduga ta zama babbar dukiyar Kudu, ga shi tana saurin gajiyar da ƙasa, masu gonaki kullum suna hangen sabon fili. An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, amma fatauci ya koma cikin gida: kusan mutum miliyan ɗaya aka kwasa daga jihohi irin su Bajiniya zuwa gonakin Alabama da Misisifi da Luwiziyana. An raba uwa da ɗanta, miji da matarsa. Filin ma ba na banza aka tarar ba. Dokar 1830 ce ta kori 'yan asalin ƙasar, kuma dubban 'yan ƙabilar Cherokee sun mutu a hanya bayan korar 1838.

Me yarjejeniyar Misuri ta 1820 ta tanada?

Misuri ta shiga tarayyar Amurka da bauta, Maine ta shiga ba bauta, aka kuma ja layi a kan digiri 36 da minti 30: a sauran yankin da aka saya daga Faransa a 1803, babu bauta arewa da layin.

To, 'yan Arewa masu adawa da yaɗuwar bauta, tausayin bayi ne ya motsa su?

Wasu kam haka ne, sun kuwa sha wuya a kansa. Amma ba su ne suka fi yawa ba. Da yaƙi da Meziko ya ɓarke a 1846, ɗan majalisa David Wilmot ya nemi a hana bauta a duk ƙasar da za a samu, kuma shi da bakinsa ya ce haƙƙin farar fata ma'aikata yake karewa. Jihar Illinois, wadda ba ta da bauta, ta kafa doka a 1853 ta hana baƙaƙen fata shigowa su zauna. Wannan ne ya fi ci mini rai a tarihin nan: mutanen da ake jayayya a kansu, ba a cika sa su cikin lissafi ba.

Me ya faru a Kansas?

A 1854 Sanata Stephen Douglas ya kawo dokar Kansas da Nebraska, wadda ta rushe layin 1820 ta ce mazauna yanki su zaɓa da kansu. A takarda abin kamar adalci, a fili kuwa gasar kwararowa ta zama. Magoya bayan bauta suka tsallako daga Misuri suka cika akwatunan zaɓe, masu adawa suka kafa tasu gwamnati. A watan Mayun 1856 magoya bayan bauta suka kai wa Lawrence, garin masu adawa, hari, John Brown mai adawa da bauta da mutanensa suka rama da kashe mutum biyar. A watan nan dai ɗan majalisa Preston Brooks, mai goyon bayan bauta, ya yi wa Sanata Charles Sumner, mai adawa da ita, dukan kawo wuƙa da sanda a cikin zauren majalisa. Daga fushin dokar Kansas da Nebraska jam'iyyar Republican ta samo asali.

Kotu ba ta raba gardama ba?

Ƙara wa wutar itace ta yi. A shari'ar 1857 ta Dred Scott, bawan da ya nemi 'yancinsa a Kotun Ƙoli, Babban Alƙali Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jihohi ba. Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 bisa alkawarin hana bauta yaɗuwa yamma, ba soke ta a Kudu ba. Hakan ma ya ishi Karolina ta Kudu ta ɓalle daga tarayyar a watan Disamba, lokacin da ƙidaya ta nuna bayi kusan miliyan 4 a ƙasar.