Mita: Aikin Tilas a Ma'adinan Azurfa na Potosi

Mita tsarin aikin tilas ne da Turawan Sifaniya suka ɗora wa 'yan asalin tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, musamman domin haƙar azurfa a Potosi, garin da ke ƙasar Bolibiya a yau. Kalmar ta fito daga harshen Kechuwa, wato harshen daular Inka da ta mulki yankin kafin zuwan Turawa, ma'anarta kuwa aikin karɓa-karɓa. A zamanin daular Inka kowane ƙauye kan ba da mazaje su yi wa hukuma aikin hanya ko noma na ɗan lokaci, ita kuma hukuma ta ciyar da su, ta buɗe rumbunanta idan an shiga yunwa. Bayan Francisco Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya kama Sarkin Inka Atahualpa a 1532, daular ta rushe, sai Turawa suka riƙe sunan tsarin da wajibcinsa, suka yi watsi da haƙƙin da talaka ke da shi a cikinsa.

An gano azurfa a dutsen Cerro Rico da ke Potosi a 1545, a wuri mai tsananin sanyi wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 4,000 daga saman teku. Da farko 'yan ƙasa ne ke narkar da ita a ƙananan murahunsu da iska ke hurawa, amma da azurfa mai kyau ta ja baya, sai aka koma tace ta da zaiba, wadda ake haƙowa a Huancavelica ta ƙasar Peru. Wannan hanya tana cin ma'aikata masu yawa, shi ya sa wakilin Sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya tsara mita a 1573. Ya wajabta wa larduna 16 su riƙa aiko da kashi ɗaya cikin bakwai na mazajensu masu shekara 18 zuwa 50, wato kimanin mutum 13,500 a kowace shekara.

A rubuce, ma'aikaci zai yi mako ɗaya yana aiki, ya huta mako biyu, a kuma biya shi lada. A zahiri ladan ba ya isar abinci a gari mai tsadar rayuwa irin Potosi, don haka makonnin hutun ma a ƙwadago suke ƙarewa. Mutum kan goya buhun duwatsu, ya hau tsanin da aka saƙa da fata cikin duhun rami da ɗan kyandir ɗaya, yana tauna ganyen koka don ya danne yunwa da gajiya, sannan ya fito daga zafin rami jiƙe da gumi zuwa iska mai daskarar da ruwa. Ciwon huhu, ruftawar rami da gubar zaiba sun hallaka mutane masu ɗimbin yawa.

Ɓarnar da ta fi daɗewa, wadda sau da yawa ba a ba ta muhimmancin da ya dace, a ƙauyuka ta auku. Mazaje kan tafi da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu, tafiyar makonni a ƙafa, gonaki su zama saura. Wasu da yawa sun gwammace su gudu su zama baƙi a wani lardi, domin baƙo ba ya cikin lissafin mita, ko da hakan na nufin rasa gonar gado. Tun da ma agana da ƙyanda sun riga sun rage jama'a, nauyin sai ya ƙaru a kan waɗanda suka saura, dagatansu kuma, da ake kira kuraka, suka shiga tsaka mai wuya, domin duk wanda bai cika adadi ba sai ya biya da kuɗi.

Sarkin Sifaniya yana karɓar humusin azurfar, sulallan da aka buga a Potosi kuwa sun kai Turai, sun kai har ƙasar Sin ta hanyar Manila da ke tsibiran Filifin. Soke mita na cikin buƙatun tawayen da wani kuraka mai suna Tupac Amaru na Biyu ya jagoranta a 1780, aka kuma kashe shi a birnin Cusco na Peru a 1781. Majalisar dokokin Sifaniya da ta zauna a birnin Cadiz ta soke tsarin a 1812. Har yanzu ana haƙa a Cerro Rico, kuma mafi yawan masu shiga ramukan masu jin Kechuwa ne.