Canjin jirgi a ƙasar waje: abin da ke jiran matafiyi inda ya yada zango

Daga Kano, Abuja ko Yamai, ba kasafai jirgi ke kai mutum inda ya nufa kai tsaye ba. Ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou sarin kaya, ɗalibin da ya samu gurbi a Malesiya, har da masu Umara da yawa, sai sun sauka a Addis Ababa, Alkahira, Istanbul, Doha ko Kasabalanka sun canza jirgi. A wannan saukar ta tsakiya ce galibin matsaloli ke fitowa.

In na sauka don canjin jirgi, na shiga ƙasar ke nan?

A mafi yawan filaye, a'a. Filin jirgi kashi biyu ne: akwai ɓangaren da ke gaban teburin jami'an shige da fice, akwai na bayansa. Muddin ba ka miƙa fasfo an buga maka hatimi ba, a idon hukuma ba ka shiga ƙasar ba, ko da ka kwana a kan kujera. Saboda haka da fitowarka daga jirgi, nemi alamar da aka rubuta "Transfer" ko "Connecting Flights". Kada ka bi ayari kawai, domin wasu daga cikin mutanen da kuka sauka tare gida suka iso.

Amurka ce ta fita daban. Duk wanda ya sauka a filinta sai ya bi layin shige da fice, ko da Kanada ko Meziko ya nufa, kuma a ƙa'ida sai ya ɗauki kayansa ya wuce kwastam ya sake miƙa su. Ba biza, ba hawa jirgin tun daga gida.

To in ban shiga ƙasa ba, me ya kawo maganar bizar wucewa?

Wasu ƙasashe ba su yarda wasu fasfuna su taka ko da cikin filin ba sai da izini. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ta jera ƙasashen da 'ya'yansu ke buƙatar bizar wucewa a duk filayen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, kuma Najeriya da Ghana na cikin jerin. Kowace ƙasa kuma tana iya ƙara nata. Faransa, alal misali, ta ƙara Kamaru da Sudan. Ingila ba ta cikin Schengen, amma ita ma tana da irin wannan biza, kuma ta shafi fasfon Najeriya.

Akwai sassauci. Mai riƙe da ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada, ko takardar zama a wata ƙasar Schengen, yawanci an ɗauke masa. Sai dai a kula da tarko ɗaya da ke kama har waɗanda suka saba tafiya: in hanyarka ta ƙunshi filaye biyu a cikin Schengen, a ce Frankfurt sannan Madrid kafin ka tsallaka teku, jirgin da ke tsakaninsu tamkar na cikin gida ne. Dole ka wuce shige da fice a Frankfurt, kuma bizar wucewa ba za ta yi maka ba, sai cikakkiya. Haka kuma mai zuwa Italiya ta Paris, a Paris za a yi masa tambayoyi a tantance shi, ba a Roma ba. Takardar gayyata, adireshin masauki da tikitin dawowa su kasance a jakar hannu, ba a akwatin da ke cikin jirgi ba.

Wanda zai fara hana ka tafiya ma ba Bature ba ne, ma'aikacin kamfanin jirgi ne a Abuja ko Legas, domin kamfanin ake ci tara in ya ɗauko fasinja marar takardu.

Kayana fa? Zan ɗauka in sake aunawa?

Ya danganta da tikitinka. In tikiti ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ana liƙa wa akwati lambar filin ƙarshe, kamfanin ya juya shi da kansa. Duba 'yar takardar da aka manna maka a bayan katin shiga jirgi: JED Jidda ce, CAN Guangzhou, KUL Kuala Lumpur. In ka ga ADD alhali Addis zango ne kawai, yi magana nan take kafin akwatin ya shige.

Tikiti biyu daban-daban, irin wanda wasu ejan ke haɗa wa mutane don rage kuɗi, wani labari ne. Sau da yawa sai ka fita ka karɓi kaya ka sake aunawa, kuma wurin karɓar kaya yana bayan shige da fice. Ka ga ke nan sai da bizar shiga ƙasar. A ganina ragin da ake samu bai kai wahalar ba, musamman ga tsoho ko mai tafiyar farko. Araha ba ta ado.

An caje ni a Kano, me ya sa za a sake?

Kowace ƙasa da nata ma'auni, kuma ba kowacce ke dogara da binciken wata ba. A shirya cire bel, agogo, tarin makullai, wani lokaci har takalmi, a kuma fitar da kwamfuta daga jaka in an buƙata.

Ruwa ne babban abin da ake ƙwacewa. Tun 2006, bayan da aka bankaɗo wani shirin tarwatsa jirage da ruwan sinadari a Ingila, aka taƙaita duk abu mai ruwa a jakar hannu zuwa kwalbar da ba ta wuce mililita 100 ba, kuma har yanzu haka ne a mafi yawan filaye. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Zuma, man shafawa, man kaɗanya da turare duk sun shiga lissafi, kuma hajiyoyi da yawa sun rabu da humra a nan. Turaren da ka saya a shagon filin jirgi, bar shi a cikin ledarsa mai hatimi tare da rasit har ka isa. Zamzam kuma a cikin kayan awo take tafiya, a kwalinta na lita 5. Fawa-bank akasin haka ne: a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a akwati, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta.

Mace mai hijabi ko niƙabi, dole ta cire?

Hijabi ba dole ba ne a cire shi a bainar jama'a, amma ana iya shafa shi ko a nemi dubawa. Fuska kam sai an gani don a gwada da hoton fasfo. Kina iya neman jami'a mace, ko a kai ki keɓantaccen ɗaki.

Kilishi, goro, magani da kuɗi?

Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da nama daga ƙasashenmu, busasshe ne ko ɗanye, don haka kilishi da dambun nama ba su wucewa. In fom ya tambayi ko kana ɗauke da abinci, ka ce e. Ƙwacewa ta fi tara sauƙi. Goro kuwa, hukumar alhazai ta Najeriya ta sha gargaɗin maniyyata kada su kai shi Saudiyya. Tiramadol da maganin tari mai kodin na iya kai mutum gidan yari a Masar ko Dubai, saboda haka mai shan magani ya riƙe shi a kwalinsa da takardar likita. Kuɗi ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi: daga Yuro 10,000 a Turai, sama da Dala 10,000 a Amurka, sai an bayyana.

Wani ya roƙe ni in riƙe masa saƙo. In karɓa?

Kada ka karɓi abin da ba ka buɗe ka gani ba, ko daga wa ya fito. Kunya ba hujja ba ce a gaban alƙalin wata ƙasa. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai a 2019 aka sake ta. Ƙirga takardun kayan da aka ba ka a wurin awo, su yi daidai da yawan akwatunanka.

Awa nawa ya kamata in bari, kuma in jirgi ya tafi ya bar ni fa?

Awa biyu zuwa uku ga tikiti ɗaya, fiye da haka in akwai shige da fice. Sabon filin Istanbul, wanda aka koma cikinsa a 2019, tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa kaɗai na cin lokaci. Agogon da ke tikiti na garin da kake ne: Addis, Doha da Istanbul sun riga Najeriya da Nijar da awa 2, Dubai da awa 3. Nemo ƙofarka tukuna kafin sallah ko abinci, ka kuma riƙa duba allo, domin ana canza ƙofa.

In jinkirin jirgin farko ne ya sa ka makara kuma tikitin ɗaya ne, je teburin canjin jirgi na kamfanin, nauyinsu ne su sa ka a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. In tikiti biyu ne, kamfani na biyu zai ɗauka ba ka zo ba ne kawai, kuma yana iya soke maka har da na dawowa.